Farfelar alminiyam ko ta inoks: wacce ta fi jure ruwan gishiri, wacce ta dace da ruwanmu?

Duk mai inji a bayan jirgi, ko a Lagdo yake kamun kifi, ko yana jigilar fasinja da buhunan masara tsakanin Bulangwa da Darak, ko kuwa neman abinci ya gangara da shi kudu har Duwala da Idenau, wata rana sai ya tsaya gaban mai sayar da kayan inji da farfela biyu a hannu. Ɗaya ba ta da nauyi, an shafe ta da fenti fari ko baƙi, ita ce ta alminiyam, wadda yawancin ƙananan injuna ke zuwa da ita daga kamfani. Ɗayar tana ƙyalli, ta cika hannu, kuɗinta kuma ya ninka na waccan. Ita ce ta inoks, ƙarfen nan da ba ya saurin tsatsa. Mai shago zai ce maka, "Alhaji, ɗauki wannan ka huta, har jikoki." Bai yi ƙarya ba game da farfelar. Abin da bai gaya maka ba shi ne halin da sauran injin zai shiga idan ka ɗaura ta, kuma nan ne kuɗin mutane ke salwanta.

Abubuwan da za ka auna kafin ka biya

Na farko, ruwan da kake aiki a ciki: akwai gishiri ko babu, mai zurfi ne ko ƙafar inji, wato sashen da ke nutse a ruwa mai ɗauke da farfela, na shafar ƙasa, ƙasan yashi ne, laka ce, ko akwai kututture da duwatsu. Na biyu, me zai karye idan farfela ta daki wani abu, ita kanta ko abin da ke cikin ƙafar inji. Na uku, kuɗi, ba na ranar saye kaɗai ba, har da na shekara biyu ko uku masu zuwa. Na huɗu, gyara: idan ta lalace akwai wanda zai iya gyara ta kusa da kai? Sai gudu da shan mai, sai kuma ɓarayi da kayan jabu, waɗanda ba a cika sa su a lissafi ba sai an ɗanɗana.

Na farkon ya fi sauran nauyi, don haka bari mu ɗan tsaya a kansa.

Ruwan teku yana ɗauke da gishiri kusan giram 35 a kowace lita. A gaɓar Kamaru yakan yi ƙasa da haka, saboda yawan ruwan sama da kuma kogunan Wuri da Sanaga da ke zuba a ciki, shi ya sa ruwan bakin Duwala gauraye ne, yau gishiri ya yi yawa, gobe ya ragu, gwargwadon cikar teku da janyewarta. Amma kada wannan ya ruɗe ka. Ruwan ɗumi ne shekara duka, kuma ɗumi yana hanzarta cin ƙarfe. Wanda ke aiki a Yupwe ta Duwala, Limbe, Kiribi ko Idenau ya ɗauki kansa mai aikin ruwan gishiri kawai.

Ruwanmu na arewa daban yake. Binuwai, tafkin Lagdo da aka gama dam ɗinsa a 1982, tafkin Maga da aka tare a 1979, Logon da Shari, duk ruwan daɗi ne. Har Tafkin Chadi, duk da ba shi da kogin da yake fita daga gare shi, ruwan daɗi ne a inda aka fi zirga-zirga, domin Shari da Logon ne ke kawo masa mafi yawan ruwansa, gishirin kuma yana tsiyayewa ta ƙasa. Matsalar ruwanmu rashin zurfi ce. Daga watan Maris zuwa Mayu, Logon da Shari kan janye har tsibiran yashi su fito tsakiyar kogi, tafkin ma a wurare da yawa mutum zai iya tsayawa ruwa bai wuce ƙirjinsa ba. Ga ciyawa, ga kainuwa, ga tsofaffin taru da aka yar. Wato mutumin Duwala gishiri ne abokin gabarsa, mu kuma yashi da abin da ke ɓoye a ƙasa.

Farfelar alminiyam

Arha ita ce babbar hujjarta. Ana samunta a Garwa, Marwa, Kusiri da Njamena ba tare da dogon jira ba, musamman ta injunan Yamaha Enduro masu doki 15, 25 da 40 da suka cika ruwayenmu. Da kuɗin inoks ɗaya kana iya sayen ta alminiyam biyu ko uku, ka ɗaura ɗaya, ka ajiye ɗaya a jirgi.

A ruwan gishiri, rayuwarta a jikin fentinta take. Muddin fentin nan na nan lafiya, gishiri bai samu ƙofa ba. Da zarar yashi ya goge bakin kunnuwan farfela, ko ta daki wani abu fentin ya ɓare, sai ka fara ganin farin gari yana fitowa a wurin, fentin gefe ya kumbura ya yi ƙuraje, ka sa farce ka kankare ka tarar da ƙananan ramuka a ƙasa. Alminiyam ba ya jan tsatsa irin ta baƙin ƙarfe, wannan farin garin shi ne tsatsarsa. Ramukan suna zurfafa a hankali, bakin kunne ya yi kaushi, ya yi siriri, wata rana ɗan bugu kaɗan sai ɓangare ya fita. Jirgin da ke kwana a ruwa da ƙafar inji a nutse ya fi saurin ganin haka. Wanda ke ɗaga inji kullum da yamma ya watsa masa ruwan famfo, farfelarsa takan daɗe har ya manta lokacin da ya saya.

Akwai wata masifar da gishiri ke haddasawa wadda ta fi ramuka ciwo. Sandar da farfela ke juyawa a kai ta inoks ce. Idan an bar farfela watanni ba a cire ba, babu giris, gishiri da farin garin nan sukan cika tsakanin haƙoran har farfela ta manne. Ranar da kake son canza ta a tsakiyar ruwa sai ta ce ba ta san zance ba. Bakanike ya zo da guduma, daga nan a lalata abin da ba a yi niyya ba. Maganin mai sauƙi ne: a cire ta lokaci-lokaci, a wanke sandar, a shafa giris mai jure ruwa, a mayar.

A ruwan daɗi kuwa gishiri ba ya cikin lissafi, yashi ne ke cin ta. Wanda ke ratsa Logon da rani ya san yadda farfela ke komawa: kunnuwan da suke da faɗi su zama gajeru masu zagayayyen baki, fenti duk ya tafi, inji yana ihu jirgi ba ya tafiya. Man da ake ƙonawa a banza a wannan hali ya fi kuɗin sabuwar farfela, amma da yake kullum kaɗan-kaɗan yake fita, mai jirgi ba ya ji a jikinsa.

Ga wani abu da ya shafi mutanen tafki kai tsaye. Kanwar da ake haƙowa a yankin Kanem, wajen Bol da Baga Sola, ana loda ta a jirage, tana cin alminiyam. Duk matar da ta taɓa barin ruwan kanwa ya kwana a tukunyar alminiyam ta ga yadda cikin ke baƙi ya yi tabo. To haka farfelar ajiya za ta yi idan aka jefa ta ƙasan jirgi, ruwan da ya jiƙa kanwa yana kwanciya a kanta. A rataye ta sama ko a naɗe ta a buhu, nesa da lodi.

Yanzu ga inda alminiyam ya yi wa inoks fintinkau. Idan farfela ta daki kututture ko dutse da gudu, dole wani abu ya karɓi bugun. Alminiyam mai taushi ne, kunne ya lanƙwashe ko ya karye, bugun ya mutu a nan. Ka ɗaga inji, ka kwance noti ɗaya, ka sa ta ajiya, ka ci gaba da tafiya. Asararka farfela ce kawai. Sandar da giyoyin da ke cikin ƙafar inji, waɗanda kuɗinsu ya ninka na farfela sau da yawa, galibi sukan tsira.

Gyaranta yana yiwuwa amma da iyaka. Ɗan lanƙwasa a baki ana iya daidaita shi a hankali, a goge da zarto. Babbar lanƙwasa idan aka ce za a miƙe ta da guduma a sanyi, sai ta tsage, domin zubi aka yi mata ba ƙira ba. Ƙara wani ɓangaren kunne sai mai waldar argon, kuma in bai daidaita nauyin kunnuwan uku ba, farfela za ta riƙa karkarwa, karkarwar nan kuma ita ke kashe robar da ke tare man giya. Sau da yawa sayen sabuwa ya fi gyaran arha.

Farfelar inoks

Abin da ya sa ba ta saurin tsatsa shi ne sinadarin kuromiyam da aka gauraya a ƙarfen, aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari. Shi ke haɗuwa da iska ya yi wata fata siririya da ido ba ya gani, wadda ke kare ƙarfen, in an karce ta kuma ta sake rufewa da kanta. Ba ta dogara da fenti ba ke nan. Yashi ya goge ta sai dai ta ƙara ƙyalli. A ruwan gishiri, idan maganar farfelar ce kaɗai, babu gasa: inoks ta fi alminiyam daɗewa nesa ba kusa ba. Ƙarfinta ma ya ninka na alminiyam sau da dama, don haka ƙananan bugu, sanda mai yawo, kwalba, tushen ciyawa, da za su ɓare bakin alminiyam, ita ko gezau.

Sai dai "ba ta tsatsa" magana ce ta kasuwa. Fatar nan tana bukatar iska. Inda iska ba ta kaiwa, ƙarƙashin noti da washa, ƙarƙashin igiyar taru da ta naɗe, ƙarƙashin ƙananan katantanwar teku da ke mannewa, ko a cikin laka mai wari irin ta bakin Wuri, inoks ma tana yin jan tabo har da ramuka. Jirgin da ya yi makonni a ɗaure ba ya motsi ya fi wanda ke aiki kullum fuskantar wannan.

Babban haɗarinta a ruwan gishiri ba a jikinta yake ba, a jikin injinka yake. Jikin ƙafar inji alminiyam ne. Idan ƙarfe iri biyu suka haɗu a cikin ruwan gishiri, wata 'yar wutar lantarki takan gudana tsakaninsu, mai rauni ya riƙa narkewa yana kare mai ƙarfi. Tsakanin inoks da alminiyam, alminiyam ne mai rauni. Da farfelar alminiyam, inoks ɗin da ke cikin ruwa ɗan kaɗan ne, sanda ce da noti. Da ka ɗaura farfelar inoks ka ƙara faɗin ƙarfen da ke jan wutar, ƙafar inji kuma ita ce za ta biya. Saboda haka kamfanoni suke ɗaura wasu guntayen ƙarfe masu launin toka a jikin ƙafar, ɗaya daga ciki shi ne ɗan fiffiken nan da ke saman farfela daidai. Aikinsu su narke a madadin inji. Na tutiya ne ko na wani gaurayen alminiyam da aka yi musamman don haka.

A nan ne ake yawan yin kuskure. Mutum ya ga guntun nan ya cinye ya yi kaushi, sai ya ce ya ɓata masa inji, ya sa a shafe shi da fenti. Da an shafa fenti aikinsa ya ƙare. Wani kuma ya bar shi har ya narke saura kusoshi. Daga ranar, gishiri ya koma kan ƙafar inji: fenti ya kumbura kewayen sandar, ramuka su fito inda robar mai take zaune, ruwa ya shiga giya. Ka buɗe ƙusar man giya ka ga man ya fito fari-fari kamar an zuba masa madara, to ruwa ya riga ya shiga. Ƙa'idar ita ce a canza guntun in ya cinye rabi, kada a shafa masa komai, kuma wurin da yake zaune ya zama ƙarfe na taɓa ƙarfe. Mai farfelar inoks a Limbe ko Idenau zai riƙa canza shi fiye da maƙwabcinsa mai ta alminiyam, ya sa wannan a lissafinsa tun farko. Kuma fentin ƙasan jirgi mai tagulla a ciki, wanda ake shafawa don hana katantanwa mannewa, kada ya kusanci ƙafar inji ko farfelar alminiyam, domin tagulla ta fi inoks ma cin alminiyam.

Ga mutanen ruwan daɗi wannan wutar ba ta da ƙarfi sosai, don haka matsalar ba ta kai ta teku ba. Abin lura kawai, tutiya a ruwan daɗi takan yi wani ɓawo ta daina aiki. In injin da ya daɗe a Lagdo zai gangara Duwala, a kankare guntayen ko a sa sababbi kafin ya taɓa gishiri.

Sai maganar bugu. Farfelun yanzu, na alminiyam da na inoks, suna da roba a tsakiya wadda aka matse tsakanin jikin farfela da haƙoran sanda, don ta zame in an yi karo. Tana taimakawa, amma ba kullum take ceto ba. Kunnen inoks ba ya saurin ba da kai, saboda haka babban bugu yakan wuce ciki: sanda ta lanƙwashe, ko haƙorin giya ya fita. Ka ɗaga inji ka ga farfela garau tana ƙyalli, ka yi murna, kwana biyu ka ji ƙafar tana gurnani. Ga wanda yake tsakiyar tsibiran tafki, inda bakanike da kayan gyara sai an yi tafiyar yini, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Nauyinta ma, wanda ya kai ninki biyu na alminiyam ko fiye, yana sa ka ji "ƙwas" mai ƙarfi duk lokacin da ka sa giya, musamman in inji yana juyawa da sauri tun kafin a sa giyar.

Batun gudu, gaskiya ne kunnuwan inoks sun fi siriri kuma ba sa lanƙwasawa in lodi ya yi nauyi, don haka suna kama ruwa da kyau. Amma ribar tana fitowa ne a manyan injuna da jirage marasa nauyi masu tashi bisa ruwa, irin na roba da ke gudu da doki 75 zuwa sama. A dogon jirgin katako mai ɗauke da buhu hamsin na busasshen kifi da inji mai doki 25 ko 40, bambancin bai taka kara ya karya ba. Wanda ya sayi inoks don jirginsa na lodi ya zama mai gudu ya sayi ƙyalli ne kawai. Ribar da zai gani ta gaskiya ita ce farfelar ba ta cinyewa, siffarta ta farko tana nan, don haka shan mai ba ya ƙaruwa a hankali kamar yadda yake yi da tsohuwar alminiyam.

Gyaranta sai gwani mai waldar argon da kayan auna kwanciyar kunne. A Duwala ana dacewa, a bakin tafki kuwa da wuya. Sannan ɓarawo ya san darajarta. Noti ɗaya da 'yar ƙusa ce ke riƙe da ita, minti biyu sun ishe shi. Mai inoks ko dai ya riƙa tafiya gida da injinsa, ko ya riƙa kwance farfelar kowane dare.

| Abin dubawa | Alminiyam | Inoks |
|---|---|---|
| Kuɗin saye | Mai sauƙi | Ninki biyu zuwa uku, wani lokaci fiye |
| Jure gishiri | Sai da fenti da wanki | Mai kyau ƙwarai, sai tabo inda iska ba ta kaiwa |
| Illa ga ƙafar inji a teku | Kaɗan | Tana hanzarta cin ƙafa in tutiya ta ƙare |
| Jure yashi | Tana cinyewa | Tana daɗewa |
| Babban bugu | Kunne ya karye, giya ta tsira | Kunne ya tsira, sanda ko giya na iya tafiya |
| Gyara | Ana samu, ko a sayi sabuwa | Sai gwani, da tsada |
| Gudu a ƙaramin inji mai lodi | Daidai | Bambanci kaɗan |
| Gudu a babban inji | Tana ɗan lanƙwasawa | Ta fi kama ruwa |
| Sata | Ba ta cika jan ido ba | Tana jan ido |

Lambobin da ke jikin farfela sun fi ƙarfenta muhimmanci

Farfelar inoks da ba ta dace da injinka ba, ta alminiyam da ta dace ta fi ta. Duba jikin tsohuwar farfelarka za ka ga lambobi, misali 11 1/8 x 13-G da ake yawan gani a Yamaha mai doki 40. Na farko faɗin da'irar da kunnuwa ke zagayawa ne a inci. Na biyu nisan da farfela za ta ci gaba a juyi ɗaya, da a ce ba ta zamewa. Ƙaramar lamba ta biyu tana ba da ƙarfin jan lodi, babba tana ba da gudu ga jirgi mara nauyi. Ƙarin inci ɗaya yakan rage juyin inji da kamar 150 zuwa 200 a minti. Enduro mai doki 40 an yi shi ne ya juya tsakanin 4,500 da 5,500 a minti idan an murɗe mai gaba ɗaya. Yawancinmu ba mu da agogon auna juyi, da kunne ake ji: in ka murɗe duka inji yana nishi bai buɗe murya ba, lambar ta yi masa yawa, kana kashe fistan. In yana ihu sama-sama jirgi ba ya ci gaba, ta yi kaɗan, ko farfela ta cinye, ko robar tsakiya ta fara zamewa. Gane na ƙarshen ba wuya: ja layi ɗaya da fenti daga noti zuwa jikin farfela, ka yi tafiya, ka duba. In layin ya rabu biyu, robar ce.

Mai komawa inoks daga alminiyam ya sani cewa da lamba iri ɗaya ma inoks takan ɗan danne juyin inji, don ba ta ba da kai. Jirgin lodi gara ya sauko da inci ɗaya. A ƙirga haƙoran sanda kuma kafin a biya, domin na doki 15 da na doki 40 ba ɗaya ba ne.

In ta hannu za ka saya

Kayan inji na hannu da yawa daga bakin teku suke hauro mana, an wanke an shafa sabon fenti. Sabon fenti a tsohuwar farfelar alminiyam abin tuhuma ne. Shafa yatsa a bayan kunnuwa da gindinsu, in ka ji gurɓi-gurɓi a ƙarƙashin fentin, gishiri ya riga ya ci. Ɗora ta a kan shimfiɗaɗɗen tebur ka juya, ka ga ko kunnuwan uku tsayinsu ɗaya. Leƙa robar tsakiya, in ta tsattsage ko ta narke ta fito, bar ta.

Ga inoks, kada ka dogara da maganaɗisu. Mutane sukan ce in ya kama to jabu ce, alhali farfelun inoks na asali da yawa suna kama maganaɗisu saboda irin gaurayen da ake yin su da shi. Kada kuma ka dogara da ƙyalli, don akwai inoks ta asali da ke zuwa da baƙin fenti, akwai kuma ƙarfen banza da aka yi wa wankan ƙyalli. Nauyi zai raba maka alminiyam da ƙarfe. Lambar kamfani da aka buga a jiki, da tsabtar haƙoran ciki, da gindin kunne inda tsaga ke fara fitowa siririya kamar gashi, su ne abin dubawa. In da hali, je da bakanikenka, kuɗin shayinsa bai kai asarar ba.

Kowace ka ɗaura, abu ɗaya ya haɗa su: igiyar taru da ta fatsa. Takan naɗe a bayan farfela inda ido ba ya gani, zafi ya narkar da ita ta zama kamar zobe, ta yanke robar man giya. A Maga da Lagdo, inda taru ya yi yawa, wannan ya fi gishiri da yashi kashe ƙafar inji. Sai an cire farfela ake ganinta.

Wa ya kamata ya ɗauki wacce

Masunci mai doki 15 ko 25 a Lagdo, Maga ko cikin ciyayin Tafkin Chadi: alminiyam, guda biyu, da noti da ƙusar ajiya da sifana a cikin jirgi. Gishiri bai shafe ka ba, inoks ba za ta ƙara maka gudu ba, kuma giyarka ta fi farfela tsada.

Mai jigila a Logon da Shari, tsakanin Kusiri, Njamena da ƙauyukan gaɓa, wanda yashi ke cinye masa farfela kowane rani: kai ne lissafinka ke da wuya. In hanyarka yashi ne zalla, ka san ta kamar tafin hannunka, kuma kana sayen alminiyam fiye da biyu a shekara, inoks za ta mayar da kuɗinta. In akwai kututture ko duwatsu, ko yara ne ke tuƙa maka, zauna a kan alminiyam. Wasu sukan raba shekara, inoks lokacin da ruwa ya cika daga Agusta zuwa Nuwamba, alminiyam in ya janye. Ni dai a ganina wannan ya fi dacewa da mai hanya mai kututture. Mai hanyar yashi zalla, da rani ne ma ya fi bukatar inoks.

Wanda ke aiki a Yupwe da cikin rassan Wuri da ƙaramin inji, yana ɗaga shi kullum yana wankewa: alminiyam ta isa. Ruwan can cike yake da itace mai yawo da saiwoyi, bugu ba ya ƙarewa. Ka riƙa taɓa fenti inda ya ɓare, ka riƙa shafa giris a sanda.

Mai babban inji, doki 75 zuwa sama, da ke fita teku daga Limbe, Idenau ko Kiribi kullum, ruwa mai zurfi, tafiya mai nisa: inoks, ba tare da dogon tunani ba. Amma ranar da ka saye ta, ka sayi sababbin guntayen tutiya tare da ita, ka riƙa duba su duk wata, kuma ka ajiye ta alminiyam mai lamba ɗaya a cikin jirgi don ranar da robar tsakiya za ta zame nesa da gaɓa.

Wanda jirginsa ke kwana a ruwan gishiri makonni ba a taɓa shi, ko mai inji da ya bar wa yaran aiki yana Garwa yana jiran kuɗi ta waya: kada ka ɗaura inoks sai kana da tabbacin akwai mai duba tutiya da ɗaga ƙafar inji daga ruwa. In babu, bar alminiyam a kai, gishiri ya ci farfela, ka aika kuɗin wata.